Ƙurar Sama A Kan Rufin Gidanka

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ke sauka a gidajenmu kullum, ba mu sani ba.

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina. Daga baya masana suka gane daga duniyar Mas ya fito. Irin wannan babban dutse ba safai yake faɗowa ba. Amma ƙanana, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, kullum suna sauka. Wani bincike na 2021 ya nuna kimanin tan 5,200 ne ke isowa ƙasa kowace shekara. Ɓarɓashin duwatsun sararin sama ne. Gudunsu cikin iska yakan narkar da su, su zama 'yan dunƙule.

Dā an ɗauka ba za a iya tsince su cikin gari ba. Sai wani makaɗi ɗan Nowe, Jon Larsen, ya dage. A cikin kilo 300 na dattin rufin gidaje aka sami guda 500.

To, yaya mutumin Achika zai gwada? Iskar hunturu takan tara ƙura a kan kwano. Idan ruwan farko ya sauko, ka tara bokiti a bakin indararo. Kada ka bar yara su hau rufi. Ka shanya laka, ka tankaɗe da rariya. Sa maganaɗisu cikin leda, ka bi da shi a kai, gama yawancinsu suna da ƙarfe a ciki. Ka cire maganaɗisun, abin da ya manne ya zuba a farar takarda. Sa'an nan ka duba da madubin ƙara girma.

Amma ga gargaɗi. Yawancin dunƙulen da za ka gani tartsatsin walda ne da tsatsar kwano. Awon masana kaɗai ke tabbatarwa, saboda haka a nemi shawara a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Kada wani ya ruɗe ka da zancen kuɗi. Ribar aikin ilimi ce, musamman ga yaranmu 'yan makaranta.

Mai haƙuri yakan dafa dutse.