Tufafin Bazara

Idan hunturu ya wuce, wajen watan Maris, sai bazara ta kama. Zafi ya kan tsananta har saukar ruwa a Mayu ko Yuni. A Sakkwato da Maiduguri awon zafi ya kan wuce 40 da tsakar rana. To, magidanci mai hankali tun da sauran sanyi ya ke shirin tufafinsa, gama ba a fafe gora ran tafiya.

Da fari ka duba yadi. Na auduga ya fi, domin yana shan gumi, iska kuma tana ratsa shi. Na roba kuwa, watau nailan da danginsa, ya kan riƙe zafi har ya jawo ƙuraje. Fari kuma ya fi baƙi sanyi a cikin rana.

Sa'an nan ka jiƙa yadin, ka shanya, kafin ka kai wa maɗinki. Sabon yadin auduga ya kan tsuke in ya sha ruwa. Wanda ya ƙi wannan, daga wankin fari sai ya ga wandonsa ya tsaya a ƙwauri.

Kaftani da wando su kan ci yadi 4 ko 5. Babbar riga da 'yar ciki da wando, wajen yadi 10. Ka ce a yi maka ɗinki mai yalwa, kada ya matse ka a hammata. Riga mai aiki mai nauyi, kamar aska takwas, a ajiye ta sai Jumma'a ko Salla. Na fita kullum, kaftani 2 sun isa: ɗaya a jiki, ɗaya wurin wanki.

Amma fa kada ka ci bashi domin ado. Riga mai tsabta wadda ka biya kuɗinta ta fi shadda mai tsada wadda mai bashi ke sallama dominta ko wace safiya.