Abin da ke Sa Uwar Kwamfuta Cijewa Lokacin Tashi, da Yadda Ake Gano Shi

Bauchi — A asibitoci masu zaman kansu, da ƙananan bankuna, da manyan shagunan magani, da cibiyoyin jarrabawa na cikin garin Bauchi, akwai wata na'ura da akan ajiye a ƙuryar ɗaki, wadda daga gare ta sauran kwamfutocin ma'aikata ke ɗibar bayanai. Ita ce uwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira saba. A cikinta ake adana lissafin ciniki, da sunayen masu ajiya, da takardun marasa lafiya. Idan ba ta tashi da safe ba, to kowa a wurin zaman jira zai yi.

Mutuwar na'urar gaba ɗaya ta fi sauƙin sha'ani, domin an san abin da za a saya. Wadda ta fi ci wa masu harka tuwo a ƙwarya ita ce wadda za ta tashi lafiya yau, gobe kuma ta tsaya cak a tsakiyar hanya, a kashe a sake kunnawa sau biyu ko uku kafin ta amsa. Da zarar mai gyara ya iso, sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Wannan cijewa gargaɗi ce cewa wani sashe ya fara gajiya, kuma inda na'urar ta tsaya shi ne ke nuna sashen.

Tashin uwar kwamfuta hawa-hawa ne. Da farko akwatin da ke rarraba wuta a cikinta zai daidaita ƙarfin lantarki. Daga nan wani ɗan shiri da ke maƙale a jikin babban allonta, wato BIOS ko UEFI, zai bincika ƙwaƙwalwarta da faifan ajiya ɗaya bayan ɗaya. Sai an gama wannan ne babban shirin aiki, Windows ko Linux, zai fara lodi, sannan shirye-shiryen ciniki su biyo baya. Idan ta tsaya kafin komai ya bayyana a fuskar allo, ko a kan tambarin kamfanin da ya ƙera ta, to galibi laifin na kayan jikinta ne ko na wuta. Idan kuwa sai da tambarin Windows ya fito sannan ta cije, sai a fi zargin faifai, ko wani shiri da aka sabunta. Ya kamata a sani cewa babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa da yawa takan ɗauki mintoci tana bincike, allon yana baƙi. Ma'aikacin da ya ƙosa ya zare mata wuta a wannan hali yana iya jawo ɓarnar da da babu ita.

A Bauchi, wuta ce abin fara tuhuma. Lokacin tashi ne na'urar ke jan lantarki da ƙarfi, domin fankokinta kan fara da cikakken gudu, faifan ajiya kuma duk suna ƙoƙarin fara juyawa. Akwatin wutar da ya tsufa yana iya riƙe na'urar da ta riga ta ɗumama yini guda cur, amma ya gaza ɗaga ta da safe. Bugu da ƙari, yawancin ofisoshi suna sauyawa ne tsakanin wutar kamfanin JED na Jos, wanda ke raba lantarki a jihar tun shekarar 2013, da janareta, da kuma hasken rana. Ma'aunin ƙasar nan bolt 230 ne, amma janaretan da aka tayar yanzu-yanzu, aka kuma ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki da firiji, ƙarfinsa kan faɗi na ɗan lokaci. Idan a daidai nan aka kunna uwar kwamfuta, za ta iya cijewa ba tare da wani sashe nata ya lalace ba. Dabarar a nan ba ta cin kobo: a bar janareta ya daidaita, a kunna manyan kaya, sannan a zo kanta.

Na'urar riƙe wuta ta UPS, wadda ake dogara da ita don kare wannan, ita ma tana da nata ajali. Batirinta an yi shi ne don ɗaki mai sanyin digiri 25, kuma ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kwanansa da kusan rabi. A garin da zafin Maris da Afrilu ke dosar digiri 40, batirin da aka ce zai yi shekara huɗu ba lalle ya ga ta uku ba. Waɗanda suka shafe kwanaki a kan janareta a watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa jihohin Arewa cikin duhu, sun wahalar da batiransu fiye da yadda suke zato.

Sai ƙurar hunturu, wadda ke shiga na'ura daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tana toshe hanyar iska, tana kuma kwanciya a bakin ramukan da ake soka sandunan ƙwaƙwalwa. Sandar da ba ta zauna daram ba takan yi aiki yau, gobe ta ƙi. Sau da yawa cire ta, da hure ramin, da mayar da ita, shi ke nan maganin. Akwai kuma wani ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogon na'urar da tsarinta idan an ɗauke wuta. In ya yi sanyi, na'urar kan manta kwanan wata, ta tsaya tana jiran a danna maballi, alhali ba kowa a gabanta.

Wani lokacin ma laifin daga waje yake. Faifan ajiya ko filashin da aka manta a jikinta na iya sa ta nemi tashi daga cikinsa. Haka nan idan wuta ta dawo komai ya kunnu tare, uwar kwamfuta kan riga na'urar raba intanet shiryawa, sai ta zauna jiran hanyar da ba ta buɗe ba tukuna.

Ɓangaren shirye-shirye ma ba a raina shi. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika ya hana na'urori kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows tashi, bisa ƙididdigar Microsoft, har jiragen sama da bankuna suka tsaya a ƙasashe da dama. Saboda haka tambayar farko ga mai kula da na'ura ita ce: me aka sauya a 'yan kwanakin nan?

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a kwafe bayanai zuwa wani faifai dabam, tun na'urar tana amsawa. Bayan haka sai a ajiye littafi kusa da ita, a riƙa rubuta rana da lokacin da ta cije, da irin wutar da ake kai, da abin da ke kan allo. Mako biyu na irin wannan rubutu kan tona asirin da mai gyara ba zai gano a ziyara ɗaya ba. Manyan na'urori ma suna da nasu littafin a ciki, iDRAC a na Dell, iLO a na HP, inda suke rubuta ko wuta ce ta faɗi ko ƙwaƙwalwa ce ta yi kuskure. Sannan a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai gyaran da ya canja abu uku tare, ko ya ce a goge komai a sake lodi tun bai duba wannan littafi ba, lalube yake yi a duhu, kuma mai harka ne zai biya kuɗin laluben.

Ta fuskar kuɗi, lissafin ya sauya. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, kuma duk kayan nan daga waje ake shigo da su. Wannan ya ƙara tura mutane ga na'urori na hannu daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, waɗanda sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka. Mai sayen irinsu gara ya haɗa da akwatin wuta na biyu da sababbin faifai tun a ranar ciniki.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Kowace cibiya tana ɗaukar ɗalibai 250 a zama ɗaya, dukkansu rataye a wuyan uwar kwamfuta. A shekarun 2023, 2024 da 2025 an fara jarrabawar ne a watan Afrilu, wato bayan ƙurar hunturu ta gama taruwa a cikin na'urori, zafin bazara kuma yana kan ganiyarsa.