Naman Da Ke Narka Nama, Me Ya Hana Shi Narka Kansa?

Ran Laraba kasuwar shanu ta Potiskum take ci, daga nan manyan motoci ke kwasar shanu zuwa Ikko da sauran garuruwan Kudu. To, 'yan'uwa mahauta da masu tsire, in kun feɗe sa ku duba kusa da farkon hanji, za ku ga wata tsoka mai taushi. Likitoci na kiranta fankiriyas. Mu ma muna da ita, kwance a bayan tumbi.

Ita ce ke yin ruwan da ke narka nama da mai da tuwo, wajen lita ɗaya da rabi kullum. Amma ita kanta nama ce. Yaya ba ta cinye kanta?

Wani masani, George Palade, haifaffen Romaniya mai aiki a Amurka, ya bi sawun abin a jikin ɓeran masar, har ya sami lambar Nobel a 1974. Ya ga cewa yawancin ƙwayoyin halitta na wannan tsoka suna haɗa sinadaran narkewa a tsarme. Daga nan sai su wuce wani sashe da ake kira Golgi, watau wurin ɗauri. A can ake ƙafe su, kamar yadda ake ƙafe ruwan rake ya zama mazarƙwaila, a ƙunshe su cikin 'yan jakunkuna. Sai an jera wajen dubu kafin su kai milimita guda.

Ban da haka, masu narka nama kamar wuƙa suke cikin kube. Sai mutum ya ci abinci jakunkunan ke buɗewa, kuma sai ruwan ya isa hanji ake zare wuƙar.

In aka zare ta tun a gida, tsokar takan fara cin kanta, ta kumbura. Giya da tsakuwar matsarmama su suka fi jawo wannan, kuma yakan yi kisa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki wanda ke ratsawa har baya, tare da amai.

Saboda haka wanda ya ji haka kada ya ce gyambon ciki ne ya tsaya shan kanwa. A kai shi asibiti nan da nan. Allah Ya kiyashe mu, amin.