Kuskuren Milimita Biyu Da Ke Ci Wa Masu Ƙera Ƙananan Jiragen Ƙasa Tuwo A Ƙwarya

A Birtaniya da Amurka da Jamus da Japan, akwai mutanen da ke kashe kuɗinsu da lokacin hutunsu wajen ƙera ƙananan samfuran jiragen ƙasa, tun daga kan jirgi har taragon ƙarshe. Ba su ɗauki abin a matsayin wasan yara ba. Burinsu shi ne idan aka ɗauki hoton samfurin, mai kallo ya kasa bambance shi da jirgi na gaske.

Babban abin da ke rusa wannan buri shi ne kuskuren awo. A ma'aunin HO, wanda ya fi kowane yaɗuwa a duniya, ana rage girman komai sau 87. Ke nan kuskuren milimita ɗaya a kan tebur daidai yake da kusan santimita 9 a jikin jirgi na gaske. Sai dai kuskuren da ya fi ɓata rai ba na zamewar hannu ba ne, wanda mutum ya gada ne tun kafin ya fara aiki.

Kuskuren da ya zama doka

Misalin da ya fi shahara yana Birtaniya. Jiragen ƙasar sun fi na Amurka ƙanƙanta, domin gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suke ratsawa matsattsu ne. Lokacin da aka fara sanya wa samfura injin lantarki, sai injin ya ƙi shiga cikin gangar jikin da aka rage sau 87. Masana'antu suka ƙara girman jikin, suka koma rage shi sau 76, amma suka bar shi a kan dogo mai faɗin milimita 16.5 na HO. Wannan shi ne ma'aunin OO, wanda samfuran Hornby Dublo suka yaɗa daga 1938.

Faɗin dogon Birtaniya na gaske milimita 1,435 ne, don haka kamata ya yi na samfurin ya zama 18.83. Giɓin milimita biyu da 'yan kai ne, amma a jirgi na gaske ya kai kusan santimita 18, shi ya sa ƙafafun ke bayyana a tsuke a ƙarƙashin jirgin. Injinan yau sun ƙanƙance, dalilin ya gushe, amma kuskuren ya zauna, saboda gidaje da shaguna sun riga sun cika da kayan OO. Waɗanda suka kasa haƙuri sun koma ma'aunin EM mai milimita 18.2 ko P4 mai 18.83, inda sai mutum ya sauya ƙafafun kowane tarago, sau da yawa kuma ya haɗa mararrabar dogo da hannunsa.

Amurka ma ba ta tsira ba. Shekaru da dama kamfanin Athearn ya riƙa ƙara faɗin murfin injin wasu samfuransa masu kwaikwayon jiragen dizal, domin injin lantarkin ya samu wurin zama. Duk kyan fentin da aka shafa, idon masani kan gano su.

Jirgi ɗaya, kamanni da yawa

Akwai kuma kuskuren cakuɗa zamani. Kan jirgin nan Flying Scotsman, da aka ƙera a Doncaster a 1923, ya fara da lamba 1472, ya koma 4472 a 1924, daga baya ya zama 60103 bayan gwamnati ta karɓe harkar jiragen ƙasa a 1948. Faifan ƙarfe masu kawar da hayaƙi da ke gefen goshinsa kuwa sai a 1961 aka maƙala masa. Wanda ya yi watanni yana gina tashar shekarun 1930, sannan ya ajiye jirgin da waɗannan faifai, ya haɗa abin da bai taɓa faruwa ba a wancan zamani. Gyara kuma yana nufin kankare fenti da lambobi, wani lokaci har jikin samfurin ya lalace.

A wannan fage ana yi wa masu tsananin bin diddigi laƙabi da masu ƙirga ƙusoshi. Da zolaya ake faɗin sunan, amma matsin lambarsu na cikin abubuwan da suka sa kamfanoni ke auna jiragen da ke gidajen tarihi da na'urar leza kafin su fitar da sabon samfuri.

Idan jirgin Najeriya ne fa?

Tarkon yana nan ga mai son kwaikwayon jiragen gida. Layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, faɗinsa milimita 1,435 ne, don haka dogon HO na shago ya dace da jirgin da ke tashi daga Idu zuwa Rigasa. Amma tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne, wanda a HO yake buƙatar dogo mai milimita 12, irin wanda masu wannan sha'awa ke amfani da shi a Afirka ta Kudu. Ɗora tsohon jirgin Kano a kan 16.5 maimaita kuskuren Birtaniya ne, sai dai wannan karon ƙafafun za su yi faɗi.

Ƙa'idar ƙwararru ita ce a zaɓi jirgi ɗaya, a tsayar da shekara ɗaya, a nemo hoto mai kwanan wata da zanen injiniyoyi, sannan a sake aunawa kafin a yanka. Abin da aka rubuta a jikin kwali ba hujja ba ne.