Yadda ake ƙidaya ƙurar da ido ba ya gani

Ƙurar hunturu kowa yana ganinta, don takan rufe sama ta sauka a kan tabarma. Sai dai akwai ƙwayoyin da ido ba ya kamawa, masu fitowa daga hayaƙin janareta da salansar mota da murhun itace, kuma su ne suka fi kutsawa cikin huhu.

Ana auna girmansu da maikromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum kusan maikromita 70 ne. Ƙwayoyin da ake kira PM2.5 ba sa wuce maikromita 2.5. A cikinsu akwai waɗanda ba su kai 0.1 ba, wasunsu har jini suke ratsawa.

An daɗe ana auna gurɓatar iska da nauyi. Ana zuƙo iska ta cikin matata tsawon awa 24, sannan a auna abin da ya maƙale. Amma sai an tara ƙwayoyi masu girman 0.1 fiye da 15,000 kafin su yi nauyin guda ɗaya mai girman 2.5. Ke nan iska tana iya cika da ƙananan, ma'auni bai motsa ba. Dole a ƙidaya su.

Ƙananan na'urori masu araha suna yin ƙidayar da hasken lesa. Fanka tana jawo iska, duk ƙwayar da ta gifta hasken sai ta watsa shi, na'urar ta lissafa. Yawancinsu ba sa ganin abin da bai kai maikromita 0.3 ba.

Dabarar kama sauran ita ce a ƙara musu girma. A shekarun 1880, John Aitken ɗan Sikotilan ya nuna cewa tururi yana buƙatar ƙwayar ƙura ya taru a kanta kafin ya zama hazo, ya kuma ƙera na'urar ƙidaya bisa wannan. Na'urorin yau suna bi da iska ta cikin tururin sinadari irin su butanol, sannan su sanyaya ta. Tururin ya lulluɓe kowace ƙwaya, ta zama ɗigon da lesa ke iya gani.

Gyaran da ake yi yanzu shi ne ƙara sauko da iyakar abin da ake gani. Da aka koma amfani da sinadarin diethylene glycol, masana, ciki har da na Jami'ar Helsinki a Finlan, sun kai ga ƙwayoyi masu kusan nanomita 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikromita. Doka ma ta bi sahu. Tun 2011 Tarayyar Turai take ƙayyade adadin ƙwayoyin da motar dizal za ta fitar, daga girman nanomita 23 zuwa sama, sabuwar dokar Euro 7 kuma ta sauko da girman zuwa 10.

Na'urorin da ke aiki da tururi suna da tsada, kuma sai ana ƙara musu ruwan sinadari. Masu arahar kuma ba sa ganin ƙwayoyin da suka fi ƙanƙanta. Don haka idan ƙaramar na'ura ta nuna iska lafiya lau alhali janareta yana ruri kusa da taga, kada ku saki jiki. Ku matsar da shi nesa da ɗakin kwana.