Ƙuɗun: Kalmar da Ta Ƙetare Bahar Rum

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi bayan ɗaukewar damina, sa'ad da gonakin Bakori suka yi fari fat, mata da yara suna cirar auduga suna ɗurawa a buhuna, da wuya ya kawo a ransa cewa wannan abin da Katsinawa ke kira kaɗa yana da wani suna da ya yi tafiyar da ta fi ta kowane falke nisa. Larabawa suna ce masa ƙuɗun, in an shigar da alif da lam ya zama alƙuɗun, kuma daga wannan lafazi ne jikokin harshen Latin suka samo nasu: mutanen Sifen suna cewa algodón, na Fotugal algodão, na Italiya cotone, na Faransa kuwa coton.

Dalilin haka a fili yake ga mai nazarin tarihi, domin tun da Musulmi suka shiga Andalus a shekarar 711, suka kuma fara buɗe tsibirin Siƙiliya a 827, sai suka tafi da iri da dabarun ban ruwa, har wani malamin Ishbiliya, Ibn al-Awwam, ya yi bayanin noman auduga a cikin Kitabul Filaha a ƙarni na 12. Mutanen da a da ulu da kittani kaɗai suka sani, da suka karɓi tsiron, sai suka karɓe shi da sunansa.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan "al" da ke goshin kalmar Sifen, wadda babu ita a ta Italiya. Mutanen Andalus, saboda sun zauna da Larabci kusan shekara ɗari takwas suna jin sa a kasuwa da majalisar shari'a, sai suka haɗiye harafin ta'arifi tare da suna, kamar yadda Bahaushe ya yi da allura da albasa da almakashi. Har ma kalmar da muka mayar alƙali su suka mayar alcalde, suna nufin magajin gari. Kuma inda lam ta narke a gaban harafin shamsiyya, a bakinsu ma ta narke: kamar yadda muke cewa asuba da attajiri, haka suke cewa azúcar ga sukari, alhali mutumin Italiya zucchero ya ce. Wallahi na daɗe ina mamakin yadda al'ummai biyu, da hamada da teku a tsakaninsu, suka saurari Larabci da kunne iri ɗaya.

Ma'anar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Faransawan da sun ari kalmar karo na biyu da alif da lam ɗinta, suka ce auqueton, wato rigar da aka cusa wa auduga aka ɗinke, wadda mayaƙi ke sawa ƙarƙashin sulke, wato dai lifidin da barade suka sani a ƙasar nan. A Fotugal kuwa cotão shi ne ɓurɓushin zare da ke taruwa a aljihu.

Mu dai, duk da ɗimbin abin da muka aro, ba mu ɗauki ƙuɗun ba, kuma a ganina wannan hujja ce ta daɗewar sana'ar a hannunmu, domin mai magurji da mazari, wanda ya san angurya da saɓi da abawa, ba ya buƙatar baƙo ya raɗa wa amfanin gonarsa suna. Sai daga baya kalmar ta iso mana ta bayan gida. Ingilishi ya are ta daga Faransanci ya ce cotton, attajiran masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta a 1902, ita kuma ta kafa injin gurza a Funtuwa, a kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Harafi na biyu a sunan ƙungiyar nan da kakanninmu suka riƙa kai wa kaɗarsu a kan jakuna, wato C ta cotton, ƙuɗun ɗin Larabawa ne.