3.4 Tsadar Kayan Aiki da Wahalar Koyo a Fasahar Ƙera Mutum-mutumin Kwamfuta

A wannan sashe za a duba matsaloli biyu da ke fuskantar masu ƙera mutum-mutumi a kwamfuta don sha'awa, wato waɗanda ba kamfani ne ya ɗauke su aiki ba. Matsala ta farko ita ce ta kuɗin kayan aiki, ta biyu kuwa ita ce ta koyo. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa matsalolin nan biyu a sarƙe suke da juna.

3.4.1 Ma'anar Wankin Hoto

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace abin da masu wannan fasaha ke kira "renda". Mutum-mutumin kwamfuta a matakin farko ba hoto ba ne. Raga ce ta dubban ɗigogi da aka jona, aka sa mata ƙwarangwal domin ta iya lanƙwasa gaɓoɓi, sannan aka lulluɓe ta da zanen fata da tufafi da gashi. Bayan an kafa fitilu da kyamara na ƙarya, sai a umurci kwamfuta ta lissafa yadda haske zai fito daga fitila, ya bugi fata, ya dawo cikin kyamara. Wannan lissafi shi ne renda. A wannan nazari za a kira shi wankin hoto, domin ya yi kama da aikin mai hoto na da, wanda sai ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke fim kafin a ga abin da aka ɗauka.

A da, manyan kamfanoni ne kawai ke iya ɗaukar nauyin wannan aiki. Alal misali, kamfanin Pixar ya yi amfani da kwamfutoci 117 wajen wanke hotunan fim ɗin Toy Story na shekarar 1995. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da manhajar Poser, wadda Larry Weinberg ya ƙirƙira, ta ba mutum damar sarrafa siffar ɗan Adam a kwamfutar gida.

3.4.2 Tsadar Kayan Aiki

Abin da ke fara ruɗin sabon shiga shi ne samun manhaja kyauta. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya samar, ta zama ta kowa da kowa a shekarar 2002, bayan masu amfani da ita sun yi karo-karon yuro 100,000 sun fanshe ta. Haka nan kamfanin Daz 3D na jihar Utah ta Amurka yana bayar da manhajar Daz Studio kyauta. Sai dai Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi wannan kamfani cinikinsa yana kan sayar da fuskoki da gashi da tufafi da ɗakuna da aka riga aka ƙera, kuma mai sha'awa yakan yi ta saye da kaɗan-kaɗan har kuɗin su taru ba tare da ya ankara ba.

Babban kashin kuɗi kuwa yana kan katin zane, wato ɓangaren kwamfuta da ke lissafin hoto. A shekarar 2015 aka sanya injin wanki mai suna Iray a cikin Daz Studio. Wannan inji na kamfanin Nvidia ne, kuma da katin Nvidia kaɗai yake sauri. Wanda ya riga ya sayi katin wani kamfani, sai dai aikin ya koma kan babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke tafiyar hawainiya a irin wannan lissafi.

Abin lura a nan shi ne, ba saurin kati ne kawai abin dubawa ba, har da girman ma'ajiyarsa. Dalili kuwa shi ne, dole duk abin da ke cikin fage ya shiga ma'ajiyar katin a lokaci guda. Zanen fata guda ɗaya mai ɗigo 4,096 a tsaye da 4,096 a kwance yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 16, kuma yakan ci kusan megabait 64 idan aka buɗe shi. Mutum-mutumi ɗaya yana buƙatar irin wannan zane da yawa: na launi daban, na ƙyalli daban, na ƙananan ramukan fata daban, ga na fuska, ga na hannu, ga na ido. Idan suka kai 20, an wuce gigabait 1 ke nan tun ba a sa masa riga ba. Da zarar fagen ya fi ƙarfin ma'ajiyar, Iray yakan ajiye katin gaba ɗaya ya koma ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai aikin mintoci ya zama na sa'o'i. Wato ke nan kati mai tsada yana iya zama a cikin kwamfuta bai tsinana kome ba, don kawai an ƙara mutum na uku a hoto.

Dangane da farashi, katin RTX 3060 mai gigabait 12 ya fito a 2021 a kan dala 329, shi kuwa RTX 4090 mai gigabait 24 ya fito a 2022 a kan dala 1,599. Tsakanin 2020 da 2022 ma samun kati a kan farashin kamfani ya yi wuya, saboda annobar korona da kuma masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum da suka yi ta saye katunan. A Nijeriya, inda dala ta haura naira 1,500 a 2024, ƙaramin katin nan ya tasam ma naira rabin miliyan, kimanin albashin wata bakwai ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ban da wannan, babban katin yana jan wutar da ta kai wat 450, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, hoton da ba a adana ba sai an sake shi daga farko.

3.4.3 Wahalar Koyo

Sanin inda madannai suke shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi ma ya kori mutane da dama. An daɗe ana kukan cewa Blender tana da wuyar sha'ani, har sai da aka sauya mata fuska a fitowar 2.80 ta shekarar 2019.

Ainihin wahalar ita ce, mutum ɗaya ne zai yi aikin da a kamfani ake raba wa ƙwararru da yawa. Sai ya san ƙirar jiki, domin idan bai san inda nauyin mutum ke sauka ba yayin tsayuwa, mutum-mutuminsa zai fito kamar an rataye shi. Sai ya san haske kamar mai hoto. Sai kuma ya fahimci fata, wadda haske ke ratsa ta kaɗan kafin ya fito, kamar yadda kunne ke yin ja idan rana tana bayansa. In babu wannan, fuska takan fito kamar roba. A 1970 wani masani ɗan Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin cewa siffar da ta yi kusa ainun da ta mutum amma ba ta cika ba, takan sa mai kallo jin ƙyama maimakon sha'awa. Wannan rami ne sabon shiga ke yawan faɗawa, musamman ta wajen idanu.

Duk waɗannan ba a koyon su sai da gwaji: a matsa fitila, a wanke, a duba, a gyara. A nan ne matsalar kuɗi take haɗuwa da ta koyo. Hoton Iray ko na Cycles, injin wankin Blender, yakan fara bayyana ne da dishi-dishi, kuma kafin a rage dishi-dishin da rabi sai an ninka lissafin sau huɗu. Mai katin da ke nuna sakamako cikin minti 2 zai iya gwaji 30 a awa ɗaya, alhali wanda ke jiran awa guda gwaji ɗaya zai yi, kuma kafin hoton ya fito wataƙila ya manta abin da ya sauya. Saboda haka ne gogaggu a cikin masu ƙaramar na'ura kan rage girman zanen fatar abin da ke nesa da kyamara, su yi gwaji da ƙaramin hoto, ko su wanke mutum daban, bango daban, sannan su haɗa su daga baya.